Yadda ake ajiye aiki a tafi ƙasar waje zaman shekaru ba tare da an rufe ƙofar gida ba

Yanzu kusan kowane ofis ka leƙa sai kaji ana cewa wane ya tafi Saudiyya, wance ta bi mijinta Ingila, wane ya samu karatu a Malesiya ko Turkiyya ko Masar. Ni ba hana kowa zan yi ba, in ka samu hanya mai kyau wallahi ka tafi, Allah Ya sa albarka a ciki. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake tafiyar. Mutum ya daɗe yana aiki an san shi da mutunci, kawai sai a wayi gari babu shi a kujera, bai rubuta takarda ba, bai miƙa komai ba, ga bashin kofaretib a kansa an bar garanto da biya, in tafiyar ta yi kyau shikenan, in kuma bata yi ba ya dawo babu aiki babu fuskar da zai kalli mutane da ita. To dan Allah ɗan uwa, ke ma 'yar uwa, a bi abin nan a jere, don jerin shi ne komai. Takardar ajiye aiki tana cikin abubuwan ƙarshe da zaka rubuta, amma ita mutane suke fara rubutawa.

Fara da sanin wace biza ce zata kai ka

Kafin ka faɗa wa kowa komai ka zauna ka amsa wa kanka, me zanje yi, kuma wace takarda ce ta bani izinin yinsa. Bizar karatu daban, bizar aiki daban, bizar ziyara daban, bizar Umara daban. Duk wanda yace maka ka shiga da ta ziyara ko ta Umara "in ka je za a juya maka ita" to ka riƙe kuɗinka da kyau. Mun san yadda zaman takari yake, mutum yana ganin motar 'yan sanda gabansa na faɗuwa, asibiti ma tsoron zuwa yake, ƙarshe a kama shi a dawo da shi da kayan jikinsa. Wanda yake da albashi duk wata bai kamata ya musanya shi da wannan rayuwar ba.

Kuma dokokin ƙasashen nan canzawa suke kullum, labarin wanda ya tafi shekara uku da suka wuce ba lallai ya yi maka aiki ba. Ɗauki Ingila. Daga Janairun 2024 yawancin masu zuwa digiri na biyu na shekara ɗaya an hana su tafiya da iyali, sai masu karatun bincike irin su digirin digirgir ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyi. A Maris ɗin 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya ɗaukar mata da yara, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbinsu daga waje gaba ɗaya. Amma har gobe akwai masu karɓar miliyoyin mutane da sunan zasu samo musu wannan aikin. Shiga shafin gwamnatin ƙasar da kanka ka karanta, in Turancin ko Larabcin ya yi maka nauyi ka nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka, kar ka dogara da abin da ejan ya turo maka a WhatsApp.

In ta hannun ejan ne aikin ya zo, tambaye shi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, don kamfanonin da ke kai mutane aiki waje dole ne su yi rajista a can. Ka nemi kwantiragin a rubuce, sunan kamfani, garin da zaka zauna, albashi nawa, awa nawa a rana, wa zai biya masauki, wa zai biya tikitin dawowa. In Saudiyya ce ka sani cewa gyaran da suka yi wa tsarin kafili a Maris ɗin 2021, wanda ya sauƙaƙa canza wurin aiki, bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Wannan bambancin babba ne ƙwarai musamman ga 'yan uwa mata. Duk wanda yaƙi nuna maka takarda, ko yace hanyar ta Agadas ce zuwa Libiya, wannan maganar NAPTIP ce, hukumar yaƙi da safarar mutane, ba maganar tafiya ba.

Ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka sake karantawa

Da yawanmu tun ranar da aka bamu ita muka sa a fayil bamu ƙara buɗewa ba. Ɗauko ta yau. Abu uku zaka duba.

Na ɗaya notis, wato tun yaushe zaka sanar kafin ka tafi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta faɗi mafi ƙaranci: sati ɗaya in ka wuce wata uku baka kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya in ka kai shekara biyar. Amma abin da ka sa wa hannu a takardarka shi za a riƙe ka da shi, wasu kamfanoni da jami'o'i wata uku suke sawa ga manyan ma'aikata. A aikin gwamnatin tarayya ƙa'idar ita ce notis na wata ɗaya ko ka biya albashin wata ɗaya a madadinsa.

Na biyu bon. In wurin aikinka ya taɓa tura ka karatu ko kwas da kuɗinsa, ko kana karatu ana biyanka albashi, kusan tabbas ka sa hannu cewa zaka dawo ka yi musu aiki na wasu shekaru. In baka gama ba sai ka biya, in ka gudu kuma garantocinka za a bi, kuma yawanci waɗannan garantocin mutanen da suka yarda da kai ne suka sa hannu ba tare da sun ci sisinka ba. Irin wannan guduwar tana daga cikin dalilan da TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati da kuɗi, ta bayar lokacin da ta dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga farkon 2025, kaga waɗanda suka gudu sun rufe wa na bayansu hanya kenan.

Na uku, kuma a nan nake so ka tsaya sosai, shin dole ne ma sai ka ajiye? Ma'aikacin gwamnati da aka riga aka tabbatar masa da aiki yana iya neman hutun karatu, akwai mai albashi akwai marar albashi, akwai kuma hutun barin aiki na wani lokaci a wasu yanayi. Marar albashin nan mutane suna raina shi, alhali shi ne yake riƙe maka kujera. Kaje ka yi shekara ɗaya ko biyu, in abin ya karɓe ka sai ka aiko da takardar ajiye aiki daga can cikin mutunci, in bai karɓe ka ba ka dawo bakin aikinka. Sharaɗin kawai ka nema da wuri kuma kar ka motsa sai amincewar ta fito a rubuce da hatimi. "Oga yace ba komai ka tafi" ba takarda ba ce, gobe za a iya canza ogan, wanda ya zo fayil zai buɗe, in bai ga komai ba sunanka wanda ya gudu daga aiki, hukuncinsa kora, korarre kuma yana iya rasa haƙƙoƙinsa kuma da wuya ya sake samun aikin gwamnati. A kamfani ma ka tambaya, wasu suna bada hutun wata shida ko shekara babu biya in suna son mutum.

Haɗa takardu tun kana ma'aikaci

Dalili shi ne ofishin jakadanci da banki da makaranta duk sun fi ganin girman mai aiki. Wasiƙar shaida daga wurin aiki, takardun albashi na wata shida, sitetmen na banki da ke nuna albashi na shiga, takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku daga hukumar harajin jiharka, duk waɗannan da sauƙi kana ciki, in ka fita sai ka yi ta sintiri ana ce maka dawo gobe.

Fasfo shi ne na farko. Akwai mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10, daga 1 ga Satumba 2025 kuɗinsu a cikin gida ya koma naira 100,000 da 200,000. In zaman shekaru zaka yi ka daure ka yi mai shekara 10, sabunta fasfo a waje wahala ce ta daban, wani sai ya yi tafiyar awanni zuwa ofishin jakadanci. In kana da tsoho duba ranar ƙarewarsa, yawancin ƙasashe suna so ya rage aƙalla wata shida.

Sai matsalar da tafi kama mu 'yan Arewa, suna. A NIN kai Muhammad ne, a WAEC Mohammed, a BVN Muh'd, a takardar digiri an sa sunan garinku a ƙarshe, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Baza su duka a tabarma ka jera su ka duba harafi da harafi. Immigration da abin da ke NIN suke aiki, saboda haka in gyara ne daga NIMC, hukumar da ke bada NIN, zaka fara, sannan takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida in ana buƙata. Wannan kaɗai yana iya cin watanni, shi yasa nace tun yanzu.

Tiranskirif daga jami'a ma haka, ka nema tun kafin ka buƙata. In aiki zaka je ƙasashen Larabawa ko wasu wuraren da suke neman a tantance satifiket, hanyar ita ce Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar. Likitoci da nas-nas da masu haɗa magani akwai takardar shaidar kyakkyawan hali daga majalisar sana'arsu, kuma sai lasisinka yana kan lokaci. Takardar aure in da ajami ko Larabci aka rubuta ta a masallaci, je kotu a baka wadda hukuma ta sani, yara kuma takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya.

Akwai waɗanda kuma ba a gaggawarsu don suna mutuwa da wuri. Takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi, gwajin tarin fuka na masu zuwa Ingila wanda ake yi a cibiyoyin da suka amince da su irin na IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas kuma wata shida yake yi, da gwajin lafiya na masu zuwa ƙasashen Gulf da ake yin rajistarsa ta shafin intanet na Wafid. Waɗannan sai lokacin neman biza ya matso. Katin rigakafin shawara kuwa sau ɗaya ake allurar ta wadatar har abada, je ka yi a wurin jami'an lafiya na filin jirgi ka karɓi na gaskiya, kar ka sayi na bogi.

Lissafin kuɗi, da dala ba da naira ba

Kowa ya ga abin da ya faru. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Waɗanda suka tafi da lissafin cewa za a dinga turo musu daga gida suka wayi gari kuɗin shekara ya koma na wata huɗu. A 2024 har sai da jami'ar Teesside a Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya saboda sun kasa cika kuɗin makaranta, wasu aka ce su bar ƙasar. Saboda haka duk abin da ka tara ka dinga mayar da shi kuɗin da zaka kashe shi da shi, buɗe asusun dala a bankinka tun yanzu.

Raba kuɗin kashi huɗu a takarda. Kuɗin tafiyar kanta: biza, gwaje-gwaje, tikiti, da kuɗin inshorar lafiya da wasu ƙasashe ke karɓa gaba ɗaya tun kafin ka taka, a Ingila ɗalibi fam 776 ne a kowace shekara, ma'aikaci fam 1,035. Sai kuɗin zama a can na wata uku zuwa shida ko da baka samu sisi ba, da kuɗin ajiyar haya da mai gida zai nema. Sai kuɗin gidan da ka bari, abinci da makarantar yara da haya da abin da ka saba ba su Baba da Inna, aƙalla na wata shida, don albashin farko a waje ba ya zuwa da wuri kuma in ya zo bashi yake tararwa. Na huɗu kuɗin dawowa, wanda ba a taɓawa ko me ya faru. Wanda yake ganin wannan tsoro ne ya tambayi ɗalibanmu da yaƙi ya rutsa da su a Khartoum a Afrilun 2023, yadda suka kwana a kan iyakar Masar suna jira, ko na Ukraine a 2022.

In ɗalibi ne kai kar ka gina lissafinka a kan aikin da zaka samu a can. A Ingila awa 20 a sati aka yarda maka lokacin karatu, wannan zai iya riƙe maka ci da sha amma ba zai biya kuɗin makaranta ba. Kuɗin da zaka nuna a banki wajen neman bizar kuma dole su kwana 28 a jere basu yi ƙasa da adadin da aka ce ba ko da na rana ɗaya. Masu bada hayar kuɗi a zuba maka a asusu a cire bayan an duba, ni dai bana ba kowa shawarar su, kuɗi masu yawa da suka faɗo rana ɗaya a asusun mai ƙaramin albashi tambaya suke jawowa, kuma in an kama ka da yaudara haramcin shiga na shekara 10 ne.

Gida da gona kuwa, in akwai yadda za a yi kar a sayar. Mota a sayar, ita dama lalacewa take in an ajiye.

Iyali

Wannan ba a barinsa sai ana saura sati. Yi istihara, ka zauna da iyaye ka nemi albarkarsu, ka zauna da matarka ka gaya mata gaskiyar tsawon lokacin, in shekara biyu ce kace shekara biyu, kar kace wata shida don ta yarda. Tana da haƙƙi a kanka wanda kuɗin da zaka dinga turowa baya biya, je ku tambayi malami tare in akwai shakka, ku yanke duk bayan wata nawa zaka dinga zuwa, a ina zata zauna, a hannun wa kuɗin cefane zai dinga shiga. Ni a ganina ya shiga asusunta kai tsaye, an sha ganin gidajen da suka lalace saboda an bi da kuɗin ta hannun wani ɗan uwa ita kuma sai ta roƙa. Ke ma da zaki bi miji ko zaki tafi karatu, ki tsaya a kan naki takardun da naki aikin, ki nemi hutun ki a rubuce kamar yadda na faɗa a sama, kar a ce miki ai ba komai.

Sannan ka samu littafi ka rubuta duk bashin da ake binka da wanda kake bi, da suna da adadi da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu, ayar da tafi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Rubuta wasiyyarka. In kana cikin adashi ka kammala zubinka ko ka sa wanda zai ci gaba da sanin uwar adashi. In akwai fili ko gini ko shago ka naɗa wakili ɗaya ta hannun lauya, a rubuta abin da zai iya yi da wanda ba zai iya ba, misali ya karɓi haya amma ba shi da ikon sayarwa. Asalin takardun fili kar ka bar su a hannun wakilin, kwafi ya ishe shi.

Sai biza ta fito, sannan takardar ajiye aiki

Ba lokacin da makaranta ta baka gurbi ba, ba lokacin da ejan yace saura kaɗan ba, ba ranar da kaje aka ɗauki hoton yatsunka ba. Sai ka ga bizar da idonka ka duba sunanka da ranakun da ke jiki. Kada ganin hadari yasa ka zubar da ruwan tulu. Na san wani da ya ajiye aikin banki saboda an turo masa takardar tayin aiki, bizar bata fito ba har yau, yana nan yana buga-buga da 'ya'ya huɗu, kuma mutum ne mai ƙoƙari wallahi, gaggawa ce kawai.

In kana tsoron lokaci zai ƙure tsakanin fitowar biza da ranar tafiya, ka tanadi albashin wata ɗaya a gefe don biya a madadin notis, ko ka tara hutunka na shekara ka haɗa da shi in sun yarda.

Kafin takarda ta isa teburin oga kai ka fara isa. Shiga ka gaishe shi ka zauna, kace ranka ya daɗe na zo ne in sanar da kai da bakina kafin ka gani a rubuce, ga abin da Allah Ya kawo, ina neman ka sa min albarka. Minti biyar ne, amma shi ne mutumin da wata rana za a aiko wa imel daga waje ana tambayar halinka. Takardar kanta gajeriya ce: kwanan wata, sunanka da lambar fayil, cewa kana ajiye aiki, ranar da zata zama ta ƙarshe, godiya. Kar ka zuba ƙorafi a ciki ko da an ɓata maka, fayil baya mantuwa. Yi kwafi biyu, kai rajistiri su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka ka riƙe.

Watan notis ɗin nan ka yi aiki kamar yadda ka saba. Rubuta takardar handoba dalla-dalla, wane aiki ne ya tsaya a ina, wane fayil yana wace durowa, lambar wa ake kira in abu kaza ya taso. Sai fom ɗin kiliyarans, wanda zaka ɗauka da ƙafarka ofis ofis: sito su duba ka dawo da kwamfuta da makullai, akawu ya duba babu kuɗin tafiya da ka karɓa baka kawo rasit ba, sakataren kofaretib ya buɗe littafi ya ga saura nawa, in akwai gidan ma'aikata a duba shi, kowa ya sa hannu ya buga hatimi a layinsa. Wani zaka je sau uku baka same shi ba, shi yasa ba a barinsa sai satin ƙarshe. In bashin kofaretib ya rage, a cire daga ajiyarka ko ka biya, ka tabbata an saki garantocinka a rubuce. A ƙarshe kar ka tafi sai ka karɓi wasiƙar amincewa da ajiye aikinka da takardar shaidar shekarun da ka yi.

Kuma ka bi ka tabbata an tsayar da albashin. Wasu suna tafiya su bar shi yana shiga, su raba da wani a ofis. Haram ne, kuɗin aikin da baka yi ba ne, kuma a Yunin 2024 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya bada umarnin duk ma'aikacin da ya koma waje yana karɓar albashi ya dawo da kuɗin, a hukunta waɗanda suka rufa masa. In ya shigo bisa kuskure bayan ka tafi kar ka taɓa, rubuta musu ka mayar ka ajiye rasit.

Fansho

In kana tsarin da ake cire maka kashi 8 mai aiki ya ƙara kashi 10, kuɗin suna asusunka na PFA, wato kamfanin da ke kula da fanshonka, naka ne, ajiye aiki baya cinye su kuma zasu ci gaba da juyawa. Je ofishinsu kafin ka tafi, a sabunta bayananka da NIN, a gyara sunan magaji, a sa imel ɗin da zaka dinga gani, ka karɓi sitetmen ka duba ko akwai watannin da aka cire maka amma ba a zuba ba, in akwai yanzu ne lokacin bi. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri har kashi 25 cikin 100 in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Kaga ba kuɗin tikiti ba ne, kar ka sa su a lissafin tafiya, in ba dole ba ma ka bar su. Ma'aikatan jihohin da ke da nasu tsarin daban kamar Kano da Jigawa su je hukumar fanshon jiha su tambayi shekara nawa ake cikawa kafin a cancanci garatuti ko fansho, wani 'yan watanni ne suka rage masa ya cika bai sani ba ya ajiye. Ka tuna kuma inshorar lafiya ta wurin aiki zata tsaya, iyalin da ka bari suna buƙatar wata.

Layin waya da banki

Ƙaramin abu ne amma yana sa babba kuka. Layin da ke haɗe da BVN da NIN ɗinka shi ne makullin kuɗinka. In ya daɗe ba a amfani da shi kamfani zai rufe shi ya sayar wa wani, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo, kai kuma kana can kana son tura wa gida kuɗi lambar OTP taƙi zuwa. Ka buɗe romin, wato tsarin da layi zai yi aiki a ƙasar waje, kafin ka tashi, ka tafi da layin a ƙaramar waya, ka dinga sa masa kati kana ɗan amfani da shi, ko ka biya tsarin ajiye lamba. Je banki da kanka ka sanar da su zaka yi tafiya, a sa saƙo ya dinga zuwa ta imel, ka sabunta katin ATM in ya kusa ƙarewa, ka gwada manhajar a wayar da zaka tafi da ita. Asusun da ya shekara ba motsi suna daskarar da shi, buɗe shi daga waje kuma ba sauƙi.

Satin tafiya da satin sauka

Ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka a imel, ka bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda ka yarda da shi. Asalin takardu a jakar hannu suke tafiya, ba a akwatin da za a auna ba. In kuɗin hannunka sun wuce dala 10,000 dole ka bayyana wa kwastam. Magani in kana sha kullum ka tafi da takardar likita, irin su tramadol kuwa ko kusa, a Saudiyya da Dubai maganar gidan yari ce ko abin da ya fi haka. Goro ma Saudiyya ta hana, kilishi da dambun nama kuma ba a shiga da su Ingila.

Kar ka karɓi saƙon kowa in baka buɗe ka gani da idonka ba, ko waye shi. A wurin awo ka tsaya ka ƙirga jakunkunanka ka ƙirga tikitin kaya da aka liƙa maka, su zo daidai. Kowa ya tuna ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano, sai a 2019 aka sake ta bayan NDLEA ta gano masu hannu a ciki.

In ka sauka, satin farko na takardu ne. A Saudiyya kafili ne zai fitar maka da iƙama, wato katin izinin zama, cikin kwana 90, ka dinga tuna masa, ka buɗe Absher, manhajar gwamnatinsu ta harkokin takardu, ka duba kwantiraginka a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadagonsu, ka ga albashin da aka rubuta shi ne wanda kuka yi magana kafin ka danna amincewa. Fasfonka a hannunka zai zauna, dokarsu ma ta hana mai aiki riƙe shi. In rigima ta taso kar ka gudu daga wurin aiki, in aka rubuta maka hurub, wato rahoton cewa ka gudu daga aiki, zaka iya zama marar takarda, kai ƙara ofishin ƙwadago. Ɗalibi kuma ya yi rajista a makaranta a kan lokaci, ya buɗe asusun banki, ya yi rajista da likita. Ko'ina ne ka nemi lambar ofishin jakadancin Najeriya ka ajiye, ka nemo ƙungiyar 'yan gida da masallacin unguwa, sannan ka tura wa gida cikakken adireshin inda kake da lambar mutum ɗaya da zasu kira in an neme ka ba a samu ba.